Takobin wasan yara: da me zan haɗa musu wanda ba zai ji wa kowa ciwo ba?

Maman Khalifa (Kwarbai):

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman wajen iyaye da masu sana'ar hannu.

Gidanmu a cikin birnin Zariya yake, ba nisa da fada, don haka duk Sallah ta bakin lungunmu dawakai ke wucewa. Yarana maza biyu, Khalifa ɗan shekara bakwai da ƙanensa ɗan biyar, tun da aka yi Hawan Daushe ba su da zance sai na hawa. Sallah ta wuce amma a lungunmu har yau ba a sauka ba. Da an taso daga Islamiyya sai yaran unguwa su taru, kowa ya haye dokin karansa, a naɗa wa ɗaya mayafin uwarsa a ce shi ne Sarki, wasu su zama dogarai, wani ya kifa robar wanke-wanke a ka ya ce shi ɗan kwalkwali ne. Sai a yi sukuwa daga bakin masallaci zuwa gindin famfo. Wallahi abin yana burge ni, ya fi mini su zauna suna latsa waya.

Takubban ne suka tayar mini da hankali. Da kara suka fara, sai abin ya koma gasa. Wannan ya zo da faskaren katako, wancan da guntun fayif na ruwa, har wani babba a cikinsu ya samo langa-langa ya miƙar da shi ya goga a dutse. Makon jiya aka sami ɗan maƙwabciyata a ƙasan gira, sai da aka yi masa ɗinki. Tsakanin ciwon da idonsa bai kai faɗin yatsa ba.

Na hana nawa fita, sun yi kuka har sun gaji, kuma na san hanin ba zai ɗore ba, lungu kawai za su sauya inda ba na ganinsu. Na sayo musu na roba a kasuwa, bai daɗe ba ya tsage ta tsakiya ya bar baki mai yanka. Babansu ya ce a kai wa kafinta ya fafe musu na katako ya goge shi sumul, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Ga ƙanwarsu mai shekara ɗaya da rabi, duk abin da ta tsinta baki take kai wa.

To da me zan haɗa musu a gida wanda zai yi ƙarko kuma ba zai ji wa kowa ciwo ba? Wane tsawo ya dace? Kuma Khalifa ya nace sai mai ƙyalli irin na masu hawa, ko akwai fentin da ba ya cutarwa?

Baban Sadik mai kushin (Sabon Gari):

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yaron lafiya, ya kiyaye gaba.

Katako da soso su ne sana'ata, amma da za ki kawo mini aikin takobin katako na ɗan shekara biyar ba zan karɓa ba. Ki ba maigida haƙuri. Ko na goge shi ya yi santsi, nauyinsa yana nan, yaro kuma bai san ƙarfin hannunsa ba. Yatsu da haƙoran gaba su ke fara shan wahala, balle a ce yana gudu ya faɗi a kansa. Kin ce kina son mai ƙarko, to ni a nan ne nake so ki sassauta. Idan takobin ya haɗu da jikin wani yaro, shi ake so ya lanƙwashe. Ya lalace ki sake wani, ai kwali ne.

Ki nemi kwali mai kauri. Na Indomie zai yi wa ƙaramin, amma na firji ko na talabijin ya fi, masu shagunan kayan wuta na wajen PZ suna ba da shi a ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kafin komai ki bi shi da hannu ki cire duk ƙarfen da aka ɗinke shi da shi, don manyan kwalaye suna zuwa da wasu ƙusoshi masu faɗi a kusurwa, kuma su ne ke yanka. Sannan ki dubi bakin kwalin, za ki ga 'yan ramuka a jere suna bin hanya ɗaya. Ki yanka falle uku. Biyu ramukan su bi tsawon takobin, na ukun da zai zauna a tsakiya su gitta. Wannan gittawar ce ke hana shi karyewa tun ranar farko, ba sai an sa komai a ciki ba.

Maganar sa abu a ciki, ina roƙonki kada ki yarda. Mutane da yawa suna cusa sanda ko waya ko tsinken tsire don ya tsaya ƙyam. Kwali yana cinyewa daga baki, ranar da ya cinye abin da ke ciki ne zai leƙo, kuma ba wanda zai lura sai ya shiga jikin wani.

Tsawo: ki auna daga hammatar yaron zuwa ƙarshen yatsunsa, har da mariƙin, kada ya wuce haka. Wanda ya fi hannunsa tsawo ba ya iya sarrafa shi, bakin yana can yana yawo a fuskar mutane. Faɗi kuma kamar yatsunki huɗu, santimita 6 ko sama da haka, har zuwa ƙarshe. Kada ki fiƙe shi ko kaɗan. Ki ɗora gindin kofin shayi a ƙarshen ki zana, ki yanka a kan zanen. Baki mai faɗi haka, ko an kai wa yaro a fuska, ƙashin gira da na kunci ne za su tare shi.

Wajen mannewa ki yi amfani da farin gam namu na kafintoci, irin Top Bond, ko ki dama sitaci ko fulawa da ruwan zafi ya yi kauri, shi ma yana kamawa. Ban da sholisho, warinsa kaɗai ba na yara ba ne, ban da ɗan ƙaramin gam ɗin nan mai manne yatsu nan take. Idan kin shafa kin haɗa, ki danne da buhun shinkafa ko turmi ya kwana. Da safe ki bi gefen duka da salatif mai faɗi, don sabon yankan kwali yana tsaga fata. Abin tare hannu, ki yanka wani guntun kwali ki tsaga tsakiyarsa ki zura, shi ma ki zagaye kusurwoyinsa. Mariƙin ki naɗe shi da tsohuwar safa ko ƙyallen atamfa.

Ƙyalli kuwa ba sai da fenti ba. Ledar madarar gari, babbar, idan kin farke ta kin wanke, cikinta fari ne tas yana walƙiya. Ki lulluɓe ruwan takobin da ita, ki bi da salatif ko'ina yadda ƙaramar ba za ta sami bakin da za ta ɓantara ba. Yankan duk ke za ki yi, reza ba ta yara ba ce, amma ki bar su su yi zanen da naɗin mariƙin.

Ɗan shekara biyar ɗin ni da soso zan yi masa. Duk mai yin kushin yana da guntayen da yake sharewa kullum. Ki ce a ba ki mai tauri, a yanka miki dogo, tela ya ɗinka masa riga.

Ummu Hanifa (Samaru):

Maman Khalifa sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da Baban Sadik ya faɗa kan faɗin baki shi ne kan gaba. Ciwon jiki yana warkewa, ido kuwa idan abu mai tsini ya huda shi, sau da yawa ko an yi aiki ganin ba ya dawowa yadda yake. Kara da tsinken tsintsiya da fensir su muka fi gani, abubuwan da ba wanda ke ɗauka makami ne.

Tunda yaran lungu da yawa ne kuma ba duka ke ƙarƙashinki ba, ki gaya wa maƙwabta wannan. Idan Allah ya ƙaddara abu ya sami yaro a ido, kada a murza, kada a hura, kada a yi ƙoƙarin zaro abin da ya maƙale. Kada a ɗiga nono, ko ruwan sikari, ko ragowar maganin ido na wani, kada a sa kwalli. A yanke gindin kofin roba mai tsabta a kifa a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a manne da filasta, a wuce asibiti a ranar. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen ido, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ko yaron ya ce ya daina jin zafi a kai shi, don jini yana iya taruwa a ciki. Ɗan maƙwabciyarki kuma, in dai da langa-langa aka yanke shi, a duba katinsa a ga ko rigakafin tetanus ɗinsa ya cika.

Don ƙaramar taki nake so in ja kunne kan takubban kasuwa masu kunna wuta da ƙara. Da yawansu ɗan batirin nan mai kama da maɓalli ne a ciki, murfin kuma ba ya da ƙusa. Idan yaro ya haɗiye shi ya tsaya a maƙoshi, cikin awa biyu yana iya ƙona wurin. Ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja. Idan ya haura shekara ɗaya ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti goma a kan hanyar asibiti, amma tafiyar ce magani. Wanda bai kai shekara ba ba a ba shi zuma.

Haka ado. Kada ki manna duwatsu, ko maɓalli, ko tsakiya a jikin mariƙin. A Amurka ma'aunin da ake gwada kayan wasan 'yan ƙasa da shekara uku wani ɗan bututu ne mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige cikinsa ana ɗaukarsa mai iya shaƙe yaro. A gida ki gwada da kwalin tsakiyar takardar bayan gida, abin da ya wuce ta ciki ki kawar.

Fenti kuma gara da aka ba ki dabarar leda. An sha gwada fentin mai da ake sayarwa a ƙasar nan a sami dalma a ciki, musamman ja da rawaya. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu. Can daga niƙan duwatsun zinariya ne, ba fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro mai tsotson abu. Idan suna son launi a kube ko garkuwa, ruwan zoɓo mai kauri yana ba da ja, kurkum yana ba da rawaya.

Abu Abdallah (Tudun Jukun):

Ku gafarce ni, ni ra'ayina daban. Me ya sa sai takobi? Muna gani da idonmu yadda samari ke yawo da wuƙaƙe da gariyo a lokutan taro, ana saran juna a kan abin da bai kai ya kawo ba, har hukuma na yin gargaɗi duk Sallah kan fitowa da makami. Yaron da ya tashi yana jin daɗin kai sara, ko da na kwali ne, hannunsa ya saba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni nawa ƙwallo na saya musu. 'Yar'uwa, shawarata ki tara iyayen lungun a hana gaba ɗaya, a fara da mai langa-langan nan, a je har gidansu a sami mahaifinsa.

Hajiya Babba (Rimin Tsiwa):

Jikata ce ke karanta mini tana rubuta abin da na faɗa.

Malam Abu, ɗana, tsoronka gaskiya ne, kuma maganar zuwa gidan mai langa-langa na goyi bayanka, yau ma ba gobe ba. Amma hani gaba ɗaya ban yarda ba. Na ga hawa tun zamanin Sarkin Zazzau Aminu, na ga na Shehu Idris shekara arba'in da biyar, ga shi muna ganin na Ahmadu Bamalli. Duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa yin Sallar da yaran birni ba su kwaikwayi hawa ba. Yayyena sun yi, 'ya'yana sun yi. Cikinsu akwai alƙali, akwai malamin makaranta, akwai tela. Waɗanda suka lalace a unguwarmu, rashin mai tsawata musu ne ya kai su, da ƙwaya.

Ke kuma 'yata, ki lura da abu ɗaya. A wajen hawa wa kika taɓa gani ya sari wani? Mahayi yana tafe takobinsa na rataye a kube. Idan an zo gaban Sarki a yi sukuwa, a ja linzami, a ɗaga hannu a yi jinjina, a koma gefe. Abin da yaran suka gani ke nan. Sare-saren daga talabijin suka ɗauko shi. To ki mayar musu da wasan inda ya fito. Ki yi wa kowane takobi kube, ko na kwali ne, ki ce musu ɗan sarki ba ya yawo da takobi tsirara, sai an zo jinjina ake zarewa a ɗaga sama a mayar. Babban cikinsu, shi wannan mai ƙiriniyar, ku naɗa shi Sarkin Dogarai, ku ce aikinsa duk wanda ya kai wa wani duka a fuska ya sauke shi daga doki. Yaro idan ka ba shi girma yana riƙewa.

Kara kuma kada a raina shi. Bayansa yana yanka kamar aska, duk wadda ta taɓa ɓare shi ta sani, kuma busasshe idan ya karye tsini yake bari. Dokin kara ba laifi tunda a ƙasa yake ja, amma a naɗe kan da tsumma.

Ni na ƙyalle nake yi wa jikokina ƙanana. Ƙafar tsohon wando mai kauri, a yanka ta dogo, a ɗinke gefe, a cusa guntayen ƙyallen da tela ke zubarwa, a danna sosai da muciya. Sai a bi tsakiyarsa da ɗinki layi biyu daga sama har ƙasa, irin yadda ake yi wa lifidi, wato rigar kariya ta doki da mahayi, shi ke sa ya tsaya. Da audugar rimi ake cusa lifidi, mu ma da ita muke yin matashi, amma ban ba ki shawararta ba a nan, tana kama wuta da wuri kuma idan ɗinki ya farke tana shiga hanci. Na ƙyalle ana wanke shi, kuma ko ƙaramar ta ɗauka ta ciza ba komai.

Ummu Hanifa (Samaru):

Mama Allah ya ƙara girma. Abu ɗaya zan ƙara kan kuben: za su ce sai an sa musu hamila su rataya. Igiya a wuyan yaro mai gudu tana iya sarƙewa a ƙusa ko ƙyauren ƙofa. A yi ta da ƙyalle mai faɗi, a haɗa bakin biyu da zare silli ɗaya yadda da an fizga za ta tsinke, ko a soke kuben a ɗamara a ƙugu. Kuma a cire kafin barci.

Maman Khalifa (Kwarbai):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na nuna wa babansu, ya janye maganar katako, shi ma ya samo kwalin firji.

Mun yi na Khalifa yadda Baban Sadik ya ce, da ledar madara, na ƙanensa kuma na ƙyalle irin na Mama. Khalifa ya so a fiƙe bakin, na ce a'a, ya ɗan kumbura, da ya ga ƙyallin ya manta. Kwalin ya ragu da yawa, sai na kira matan lungu muka zauna a tsakar gidana ranar Alhamis da ba Islamiyya, kowace ta yanka wa nata. Malam Abu, an je gidan su yaron nan, mahaifinsa bai ma san da zancen ba, ya karɓe ƙarfen a gabanmu. Yanzu yaron ne Sarkin Dogarai, jan ɗankwalina ne rawaninsa, kuma da gaske yake aikin, jiya har Sarkin ya sauke daga doki. Ba zan ce an daina kai sara ba, ana yi, amma a takobi da garkuwa, kuma dokar ita ce daga kafaɗa zuwa sama haramun ne.

Matsala ɗaya: na Khalifa ya fara laushi daidai inda mariƙi ya haɗu da ruwan takobin, yana langaɓewa. Wata ta ce in sa ɗan siririn kara a wurin kawai, ba har baki ba. Ya halatta? Ga damina ta kusa, ban san yadda kwali zai yi da laima ba.

Baban Sadik mai kushin (Sabon Gari):

Madalla Hajiya. Kara dai a'a, ko guntu ne. Wurin da ya langaɓe nan ne zai karye, kuma ta nan zai ɓullo, kusa da hannun yaron da cikinsa. Ki yanka ƙananan falle biyu na kwali, tsawon tafin hannunki, ramukan su bi tsawo, ki manna ɗaya ta kowane gefe su haye gaɓar, ki naɗe da ƙyalle ki ɗaure tam. Idan kin tashi yin sabo, ki sa waɗannan tun farko kafin ki zura abin tare hannun.

Laima kuwa kwali ba ya jure ta, ko an naɗe da salatif tana shiga ta mariƙi, idan kuma da sitaci kika manna zai yi funfuna. A rataye su a ƙusa a ɗaki, kada a bar su a ƙasa ko a zaure. Wanda ya jiƙe ki jefar. Kafin ruwa ya sauka ki aiko a karɓi guntayen soso, ko wajena ko wajen duk mai kushin da ke kusa da ku, ki ce mai tauri, kauri inci biyu. Tela ya yi rigar da yadin lema, ya bar bakin a zagaye kamar na kwalin.